Dardumar da Na Shimfiɗa a Jif ɗin Alhaji Mudi

Kazaure, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka huce gajiyar hanya, ka kuma sami masauki mai kyau a Dutse. Allah Ya tsare ka a tafe da zaune, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mu nan lafiya lau muke, Innarka tana gaishe ka. Labarin gida ya tsaya nan, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Raina a ɓace yake, gara ka sani tun daga farko. Da na kira ka a waya, amma na san halinka. Za ka ce to Baba, in sha Allahu Baba, ka kashe, ka je ka yi abin da ka riga ka ƙulla. Jiya da hantsi Innarka tana tsince shinkafa ta gaya mini abin da ka faɗa mata ranar da za ka tafi. Tana faɗa tana murmushi, ita a dole ta haifi ɗa mai kishin ubansa. Wai ka ce tunda Hajiya Rabi ta ɗauke ka tuƙi, kuma motar da ta gada daga mahaifinta marigayi Alhaji Mudi ita za ka riƙe, wato jif ɗin nan haibirid mai aiki da fetur da lantarki, wadda aka kore ni a kanta, to za ka tuƙa ta yadda za ta sha mai kamar yadda ta sha a hannuna, ko ma fiye. Wai don Hajiya ta gani da idonta cewa motar ce mashayiya, ba ubanka ne ya riƙa zuƙe man yana sayarwa ba.

Wannan shi ne wayon naka? Matar da ta toshe kunnenta daga abin da ake faɗa a kaina a gidansu, ta ce a kira mata ɗan Isyaku, ita za ka saka wa da ƙona mata mai da gangan? A wannan zamani da mai ya yi tashin gwauron zabo, masu mota suke ajiye ta su hau adaidaita? Likita ce, za ta riƙa zagaya asibitocin karkara daga Gwiwa zuwa Babura, marasa lafiya suna jiranta, kai kuma kana gaba kana taka totur don ka wanke ni. Ban haife ka don ka wanke ni da cin amana ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne ni na jawo. Shekara biyu ina zaune a majalisar ƙofar gida ina cewa motar nan ta banza ce, masu ƙera ta maƙaryata ne, kai kana ji kana haddacewa. To yau sai ka zauna ka ji sauran maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Innarka.

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa Alhaji Mudi, tun yana aikin gwamnati har ya yi ritaya ya koma kan gonakinsa da shanunsa da hidimar masarauta. Motoci huɗu suka tsufa a hannuna, ko akuya ban taɓa bugewa ba. A tasha Sarkin Sitiyari ake kirana, ka sani, kuma sunan ya shiga kaina fiye da kima. Sai ɗan ƙanensa Kabiru ya sayo masa jif ɗin nan daga Kwatano. Ranar da aka kawo ta, Kabiru ya tsaya a farfajiyar gida yana ta zuba, wai mota ce mai ƙarfi biyu, na fetur da na lantarki, wai da kanta take cajin batirinta, wai in an cika tanki sai mutum ya manta hanyar gidan mai. Ya miƙo mini wani littafi mai kauri da ya zo da ita, ya ce in sami wanda zai karanta mini. A gaban mutane fa. Na karɓa na jefa a aljihun gaban mota, na ce masa lokacin da na fara riƙe sitiyari shi ko rarrafe bai fara ba. Aka yi dariya, na ji daɗi har cikin raina.

Wannan dariyar ta ci mini aikina. Kabiru ba shi da ladabi, har gobe ina kan wannan, amma a maganar littafi shi ne da gaskiya. In ba a taɓa shi ba, littafin yana nan inda na jefa shi. Kai ka yi makaranta, ba ka da hujjar da nake da ita. Ka ɗauko shi ka karanta, inda ya shige maka duhu ka tambayi wanda ya san irin motar, ko da ƙaninka ne a shekaru.

A ranar kuma na yi wa motar abin da na saba yi wa kowace motar Alhaji. Ka san a gidan nan babba ba ya zama a kan kujera tsirara. Na je kasuwa da kaina na zaɓo darduma ja mai kauri, na shimfiɗa ta a kujerar baya, na cusa gefunanta ta ko'ina don kar ta zame, ta sauko har ƙasa. Daga baya Jauro, Bafillacen da ke kiwon shanun Alhaji a bayan Babura, ya ba shi buzun rago fari, na ɗora a kai. Alhaji ya shiga ya zauna ya sa mini albarka. Ka riƙe maganar dardumar nan, zan dawo kanta.

Motar nan idan ka tashe ta ba ta yin ƙara. Wata 'yar fitila ce koriya take kamawa a gabanka, alamar ta shirya tafiya. Ni kuwa kunnena ya saba da gurnani, motar da ba ta yi gurnani ba a wurina ba ta tashi ba. Don haka kullum da safe sai in taka totur har injin fetur ya farka, in zauna ina ba shi wuta yadda muke yi wa tsofaffin motoci, wai ya ɗumama, har sai an gama labaran safe a rediyo. Sau da yawa kuma tafiyar ba ta wuce daga gida zuwa fada ko kasuwa ba. Man da na ƙona a tsaye ya fi wanda tafiyar ta ci. Haka in mun shiga cunkoso ranar kasuwa, babura ta nan, adaidaita ta can. A irin wurin nan ne motar take kashe injinta ta lallaɓa da lantarki, a nan ta fi kowace mota tsimi. Ni kuwa da na ji ta yi tsit sai gabana ya faɗi, in danna totur don in tabbatar ba mutuwa ta yi ba, kar a ce mota ta mace wa Sarkin Sitiyari a tsakiyar kasuwa. Idan ta yi shiru, Nuhu, ka ƙyale ta. Shirun nan shi ne abin da aka saya da tsada. Fitila ta kama, ka sa giya ka tafi a hankali, ita ta san lokacin da take buƙatar inji.

Sai maganar firi, wadda in na tuna ta har yanzu nake jin kamar in mari kaina. Ubangidana da ya koya mini mota, Allah Ya jiƙansa, da ranƙwashi ya koya mini cewa direban kirki ba ya ƙona mai a gangare. Ka zare giya, ka bar mota ta gangara da kanta. Ko a tsofaffin motoci ganganci ne, amma mun taso mun ga ana yi. A wannan motar kuwa gangare shi ne lokacin da take tara ƙarfi. Idan tana cikin giyar tafiya ka ɗaga ƙafarka, ko ka taɓa birki a hankali, juyawar tayoyin ita ke cika babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya. Da ka sa ta a firi, ka yanke wannan. Duk gangaren da ke tsakanin duwatsun nan na hanyar Roni babu wanda ban zare giya a kansa ba, ina murmushi, ina jin na yi wa maigida tsimi. Mu iso hawa batir ya yi ƙasa, inji ya ɗauki nauyin jif shi kaɗai yana kuka. Har waiwayawa nake yi in ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, nan fa kyauta muke tafiya. Shi kuma bawan Allah ya ce madalla da Sarkin Sitiyari.

Na gan ka kana yin firi a motar hayar da ka ja bara. Na gani, ban hana ka ba, don a wurina ka koya. Daga yau hannunka kar ya kuskura ya zare giyar motar nan alhali tana tafiya. Kuma ka bar birkin 'yan tasha, wato a taho a guje har bakin tudun rage gudu sannan a take birki, fasinja ya sumbaci kujerar gaba. Wanda ya yi haka ya zubar da ƙarfin da ya kamata ya koma batir, ya mayar da shi zafin birki kawai. Ka san hanyoyin nan kamar yadda na san su. Ka san inda kowane gari ya fara, inda shanu suke tsallakawa, inda rami yake. Tun daga nesa ka ɗaga ƙafa, ka bar ta ta rage da kanta, ka bi ta da birki mai laushi. In za ka tashi, ka tashi sosai ba da jan jiki ba, in ka kai gudun da kake so ka sassauta ƙafar ka riƙe ta a haka.

Gudu kuwa, Allah Ya yafe mini. In za a je ɗaurin aure ko ta'aziyya, manyan gari su jero motoci goma, kowane direba yana son ya manne wa ta gaba. Na sha alwashi motar Alhaji Mudi ba za ta taɓa zuwa ta ƙarshe ba. Mu miƙi hanyar Babura kamar ana binmu, a taka, a ci birki, a sake takawa. A irin wannan gudun lantarki ba abin da yake iya taimakawa da shi. Jif doguwa ce, iska tana dukan ƙirjinta, fetur zalla take sha. Kuma me muke samu? Mu isa mu tarar ko limamin bai zo ba. Ka bar su su wuce ka. Duk direban da ya yi maka dariya, ba shi zai tsaya gaban Hajiya ba ranar da za a yi tambaya.

Akwai wanda ba laifina ni kaɗai ba ne, kuma shi ma zan faɗa, don har yau yana ci mini rai. Alhaji ya shiga zaure gaisuwa, ba a san lokacin fitowarsa ba, kuma ba a yarda babba ya fito ya tarar da mota da zafi ba. Sai in bar ta a kunne da esi, na'urar sanyaya mota, awa ɗaya, awa biyu, a tsakiyar rana, inji yana tashi yana kwanciya don ya ciyar da sanyin. Sauran direbobi su shigo mu cika ta muna hira, ni ina jin kaina mai masauki. Manyan nan suna son sanyi ya jira su, amma in tanki ya sauka sai su manta da sanyin su tuna da direba. Wannan rashin adalci ne, kuma na faɗa. To amma ni ma bakina me yake yi? Ban taɓa cewa ranka ya daɗe, jiran nan fa mai yake ci ba. Kai ka nemi inuwa ka ajiye mota, ka kashe ta, ka ɗan sauke gilasai. Ka roƙi Hajiya ta riƙa yi maka waya in ta kusa fitowa, ɗan lokaci kaɗan ya isa mota ta yi sanyi. In ta ce ita a bar mata a kunne take so, motarta ce, amma ka gaya mata abin da hakan yake ci tun kafin ta tambaya.

Tayoyi ma na zalunce su. In za mu shiga rairayin hanyar rugar Jauro sai in rage musu iska, wannan daidai ne. Amma in mun hau kwalta sai in ce gobe na ƙara, goben ta zama mako biyu. In na je wurin mai faci kuma ya ce Baba bazara ce, kar a cika, fashewa za ta yi, ni da shi mu haɗu a kan jahilci ɗaya. Taya mai laushi ita ce ma take yin zafi, kuma tana riƙe mota kamar ana jan ta ta baya. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ka duba da safe kafin taya ta ɗumama. Sannan kaya. Daga gonar Achilafiya buhunan gero a sama, gyaɗa a but, wani lokaci har da rago. In an sauke, ƙarfen ɗaurin kayan yana nan a sama yana kama iska, jarkoki da igiyoyi da tsohuwar taya suna nan a baya muna yawo da su wata da watanni. Abin da ba a buƙata a tafiyar yau, ka sauke shi.

Duk wannan ina yi, tanki yana sauka, Kabiru yana ƙirgawa. Lambar da masu sayarwa suka faɗa masa ita ya riƙe, lambar da aka auna a ƙasar masu ƙera motar, a titi sumul, ba buhu, ba rairayi, ba zafin bazarar Kazaure. Babu direban da zai kai wannan lambar a nan, kuma wanda ya yi wa Hajiya alkawarinta maƙaryaci ne. Ko abin da allon gaban direba yake nunawa kar ka rantse a kansa. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka duba kilomita, in ka dawo cikawa ka sake dubawa, kuma ka yi da sanin Hajiya tun daga makon farko. Da na yi haka, da an gane matsalar tun ana iya gyara ta. Amma tsakanin ƙaryar masu sayarwa da abin da motar ta sha a hannuna akwai tazara mai nisa, kuma wannan tazarar aikina ce.

Wata safiya, washegarin dawowarmu daga Gwiwa, Alhaji ya sa aka kira ni falo. Kabiru yana zaune. Ya ce abokinsa yana da irin motar sak, kuma tankinsa yana kai shi inda namu ba ya ko kusanta. Ya ce an sha ganina ina gaisawa da 'yan bumburutun bakin mararraba, masu sayar da fetur a jarka. To wa ba ya gaisawa da su? A gabana aka haifi rabinsu. Na rantse, na sake rantsewa, na ce motar ce lalatacciya aka sayo masa. Alhaji bai kalle ni ba, carbinsa yake kallo. Da na gama sai ya ce:

"Isyaku, da ka roƙe ni ai da na ba ka. Ajiye makullin ka je ka huta."

Shekara ashirin da shida, Nuhu. Na ajiye makullin a kan kafet na fita. Motar ma ta fita daga ransa, ya sa aka lulluɓe ta da tampol, ba a sake hawanta ba sai da Hajiya ta gaje ta ta sa aka farfaɗo da ita. Wannan ɓangaren ka san shi. Ga wanda ba ka sani ba.

Wata huɗu bayan haka maƙwabcinmu Malam Haladu ya roƙe ni in raka shi Kano in duba masa wata tsohuwar mota da yake son saya. A garejin da muka je na ga jif irin ta Alhaji, an cire kujerar baya, wani bakanike yana zaro wani dunƙulen gashi da zare da ƙaiƙayi daga cikin wata 'yar fanka. Yana zarowa yana yi wa direban motar faɗa. Ya nuna masa wani ɗan rami mai raga a gefen kujerar, ya ce ta nan batir yake shan iska. Ya ce in an toshe shi da kafet ko kaya batir sai ya yi zafi, motar ta rage amfani da shi don kar ya lalace, ta koma kan fetur, tana jan nauyin batir a banza. Na leƙa na ga wurin da yake nunawa. Daidai wurin nan na fi cusa dardumata, don nan ne take yawan zamewa in Alhaji zai fita. Shekara ɗaya da rabi batirin motar yana neman numfashi a ƙarƙashin dardumar da na shimfiɗa don girmamawa, ga gashin buzu a kai.

Na daure na matsa, na yi kamar hira nake yi. Na tambaye shi maganar ɗumama inji da safe, ya yi tsaki. Na tambaye shi maganar firi a gangare. Ya ɗago ya dube ni, bai san ni ba, bai san sunan da ake kirana da shi ba, ya ce:

"Baba, duk wanda ya sa wannan motar a firi bai iya ta ba, ko shekara nawa ya yi yana tuƙi."

Na ce haka ne. Muka kamo hanyar Kazaure, Malam Haladu ya dubi fuskata ya ɗauka zazzaɓi ne.

A lokacin Alhaji yana da rai. Abin da ya rage mini kawai in je in durƙusa in ce ranka ya daɗe, ban saci manka ba, motar ce ban iya ba, a ɗage darduma a gani. Na tafi kuwa. Ina isa ƙofar gida direbobin da ke zaune a dakali suka miƙe suna cewa Sarkin Sitiyari da kansa. Na amsa gaisuwa, na ce wucewa nake yi. Na sake komawa da Alhaji ya kwanta ciwo, ciwon ya yi tsanani. A wannan karon na shiga har ɗaki. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce:

"Isyaku, abin da ya wuce ya wuce. Na yafe maka duniya da lahira."

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce na gode, ranka ya daɗe. Na karɓi yafiyar satar da ban yi ba, don bakina ya kasa furta cewa akwai motar da ta fi ƙarfin sanina. Na gwammace mutumin da na yi wa hidima rabin rayuwata ya tafi kabari yana ganina ɓarawo, da a ji a tasha cewa ban iya ba. Kwana tara bayan nan ya rasu. Na dawo majalisa na ci gaba da zagin motar, don in na yi shiru sai in ji muryarsa. Ko ranar da ka kawo motar ƙofar gida don mu yi sallama, na leƙa ta gilashin baya na ga dardumar tana nan yadda na cusa ta. Na sa maka albarka, na bar ka ka tafi da ita a haka. Sau uku ke nan ina yin shiru, ba zan yi na huɗu ba.

Saboda haka ranar da takardar nan ta same ka, kafin ka ci abinci, ka buɗe ƙofar baya ka yaye dardumar nan da buzun. Ka nemi izinin Hajiya a kai motar wurin wanda ya san haibirid ya buɗe fankar batir ya share ta. Kar ka bari wani mai gyaran gefen titi ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, wutar da ke cikinsu tana kisa. Sannan ka tuƙa ta yadda na gaya maka, ba yadda na koya maka ba.

Na san abin da zai biyo baya, kar ka ɗauka ban hango ba. In ka tuƙa ta daidai, man zai daɗe a hannunka. Labari zai kai kunnen Kabiru, zai tafa hannu ya ce ai ga shi nan, mota ɗaya, ɗa yana tsimi, uba yana zuƙewa. Duk kilomitar da ka ƙara a kan tanki shaida ce a kaina. Wannan shi kake gudu, na gane, kuma Allah Ya yi maka albarka da ka so ni har haka. Amma ban yarda ba. Ban yarda a rufe girman kaina da man baiwar Allah ba, ban yarda ka fara aikinka da ha'inci ba, ka zama abin da aka zarge ni da shi alhali ni ban zama ba. In ka ƙona mata ko cikin cokali da gangan, kai ne ɓarawon gidan nan na farko.

Hajiya mai lura ce, ba za a yi wata biyu ba za ta ga bambanci. Kar ka jira ta tambaya. Ka sami lokacin da take zaune, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka kai mata dardumar a hannunka, ka nuna mata ramin da ta toshe. Ka ce mata, ranki ya daɗe, Babana ya ce in gaya miki bai taɓa satar man Alhaji ba, motar ce bai iya ba, kuma ya sani tun Alhaji yana da rai, girman kai ya hana shi faɗa. Haka za ka faɗa, kar ka rage, kar ka sa masa zuma. In Kabiru yana wurin ma ya fi. In ta yarda, alhamdu lillahi. In ba ta yarda ba, aƙalla wani daga jinin Alhaji Mudi ya ji gaskiyar da na hana shi. Ni kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan je tasha in faɗa da bakina, kafin labarin ya riga ni isa.

Allah Ya kai ka duk inda za ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, kai da wadda kake ɗauke da ita. Ya sa hannunka ya zama mai albarka a kan sitiyari, Ya tsare ka daga gaggawa da barcin hanya, Ya raba ka da irin ciwon da ya kama ubanka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar tafiya. Allah Ya jiƙan Alhaji Mudi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa wannan karon in sami yafiyar laifin da na yi da gaske.

Dardumar kuma, in Hajiya ta gama gani, ka naɗe ta ka ba direban motar Kazaure ya kawo mini. Ni na saye ta, a ɗakina ya kamata ta zauna inda zan riƙa ganinta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isyaku.